Tabon allo a telen filasma: abin da ke hana shi, da abin da ake ɓata lokaci a kai

Mai Gidan Kallo, Burja: Assalamu alaikum ƴan uwa. Ga magana ga masu sani. Samsung filasma inci 50, ta hannu, za ta yi aikin gidan kallo: ƙwallo daga la'asar zuwa sha biyun dare, Asabar da Lahadi tun azahar. Akwatin ci da minti yana sama wuri guda ba ya motsi, tambarin tasha ma haka. Wane saiti ya kamata a yi tun ranar farko don kada su zauna a gilashi? In kuma inuwa ta fara fitowa, har ina ake iya ceto ta?

Tsohon Mai Gyara, Sabon Gari: Wa alaikumus salam. Kafin a taɓa saiti, a tabbata filasma ce, don a kasuwarmu duk tele mai faɗi haka ake kiranta, alhali mafi yawa LCD ne ko LED, waɗanda wannan ciwon bai cika damunsu ba. A dubi lambar da ke baya. Lambar Samsung filasma yawanci tana farawa da PS ko PN. Panasonic TX-P, TC-P ko irin TH-42P. LG kuwa harafin P ne ke biyo lambar inci, kamar 42PJ ko 50PK. Fuskarta gilashi ne mai tauri, in ka ƙwanƙwasa da farce za ka ji, kuma bayanta na ɗumi sosai in ta yi awa guda a kunne.

To yadda abin yake. Kowane ɗigo na hoto ƴan ɗakuna uku ne ƙanana, ja da kore da shuɗi, cike da iskar niyon da zinon. Wuta na ratsa iskar, ta fid da wani haske da ido ba ya gani, shi kuma ya bugi hodar fosfo da aka shafe ɗakin da ita, sai ta haska. Hodar nan tana gajiya da aiki. Ɗigon da ya yini yana ba da fari ƙal ya fi na kusa da shi saurin tsufa. Ba wai wani abu ne ya kama wuta ba. Kamar atamfar da aka rataya a bakin shago ce: inda rana ke bugu ya koɗe, inda ke cikin ninki yana nan sabo. Abin da ido ke gani shi ne bambancin tsakaninsu.

Ɗan Mokoyo: Baba, a ƙara raba musu gida biyu, don nan ne ake rikicewa. Akwai inuwa mai wucewa, akwai tabo na dindindin. Mai wucewa ragowar caji ce da ta maƙale a ɗakunan bayan hoto ya daɗe tsaye. Kana iya ganinta ko menu ka bari minti goma. Da an saki hoto mai motsi ya cika allo, cikin mintoci ko ƴan awoyi ta tafi, wata mai taurin kai ta ɗauki kwanaki. Ta dindindin ita ce hodar ta riga ta ci, ba ta dawowa. In an yi mako biyu ana kallon abin da ya cika allo, ba a koma tashar da ta jawo ta ba, kuma inuwar ko raguwa ba ta yi ba, to ta zauna.

Tsohon Mai Gyara, Sabon Gari: Haka ne. Kuma ta zauna ɗin nan a filasma ba ta da magani, don gilashin shi ne telen. Pioneer ta sanar da barin harkar tun 2009, Panasonic, Samsung da LG duk sun daina a 2014. Sabon gilashi babu inda ake ƙera shi, sai dai a ciro daga wata gawar. Duk filasmar da ke Maradi yau ta haura shekara goma.

Ɗan Mokoyo: To Alhaji, ga saitin, bi da bi.

Na farko, fid da ita daga yanayin shago. Lokacin kunnawar farko tele na tambaya ko gida ko shago, a menu na Faransanci za ka ga Domicile da Magasin ko kalma makamanciya. In tana kan na shago, duk abin da ka rage za ta mai da shi sama da kanta bayan ɗan lokaci, wasu ma har da akwatin talla da ke fitowa a gefe. Mutum ya gyara da dare, da safe ya tarar ta koma, ya ce telen ta lalace.

Na biyu, yanayin hoto. Ka bar Dynamique, ka koma Standard ko Cinéma. Dynamique an yi shi ne don tele ta yi ihu a tsakiyar fitilun kanti.

Na uku, kuma shi ne babba, Contraste. A filasma shi ke cewa fari ya kai ina, wato shi ke tuƙa hodar. Ka sa shi rabin sanda, ko ka ɗan haura kaɗan, kada ya wuce kashi biyu cikin uku. Mutane da yawa Luminosité suke ragewa suna zaton sun rage haske. Wancan baƙi yake gyarawa, ba fari ba. In ka rage shi sai rigar alƙalin wasa da inuwar filin su haɗe su zama duhu ɗaya, tambarin tasha kuwa yana nan yana ci da ƙarfinsa. Samsung tana da wani ƙari, hasken ɗakunan, Cell Light ko Lumin. cellules. A wasu daga 0 zuwa 10 ne, a na baya-baya 0 zuwa 20. Shi ma tsakiya zuwa ɗan sama.

Na huɗu, kunna mai gusar da hoto. Samsung Pixel Shift take ce masa, yana ƙarƙashin kariyar allo. Sa ɗigo 4 a kwance, ɗigo 4 a tsaye, lokacin kuma tsakanin minti 1 da 4 ne. Panasonic Pixel Orbiter. LG a shiga ISM, menu ɗinta na kariyar allo, a zaɓi Orbiter.

Mai Gidan Kallo, Burja: Madalla. Amma ƙanena, rage Contraste da dare ba matsala. Wasan ƙarfe uku na rana fa? Rumfar kwano ce, haske na shigowa ta ko'ina, na bencin baya za su ce ba su gani.

Hajiya Mai Shagon Tele, Babbar Kasuwa: Alhaji, ɗakin ake gyarawa, ba telen ba. Filasma ba ta iya gasa da rana, ko ka kai Contraste ƙarshe ba za ta kai hasken LED ba, kuma gilashinta na mai da hoton ƙofa da na mutane kamar madubi. A juya ta ta ba ƙofa gefe, kada ta fuskance ta. A saki labule mai kauri ko tabarma a inda hasken ke faɗowa kan gilashi. A ɗan sunkuyar da ita ƙasa in a bango take. Rumfa mai duhu da Contraste rabi ta fi rumfa mai haske da Contraste cike kyan kallo, kuma a nan ne filasma ke nuna abin da ta fi sauran da shi, baƙi mai kyau da ƙwallo mai gudu ba ja.

Yaron Shago, Ƴandaka: Ni dai a ganina tunda akwai Pixel Shift zancen ya ƙare. Ai don haka kamfani ya sa shi.

Tsohon Mai Gyara, Sabon Gari: Ɗana, ɗauko ma'auni mu lissafa. Allon inci 50 faɗinsa wajen santimita 110 ne. In mai ɗigo 1920 ne a kwance, kowane ɗigo bai kai milimita 0.6 ba. Huɗu sun zama milimita biyu da ɗan kai. Inci 42 mai ɗigo 1024, faɗinsa santimita 93, ɗigo ɗaya milimita 0.9, huɗu ba su cika milimita huɗu ba. Yanzu auna akwatin ci da minti, ya fi tafin hannunka tsawo. Ka gusar da abu mai santimita goma sha da milimita uku, tsakiyarsa ta bar wurin? Ba ta bari ba. Abin da yake yi shi ne ya dusashe gefen tabon, maimakon ka karanta harufa sarai sai ka ga dishi-dishi. Yana da amfani ga siraran layuka da ƙananan rubutu. A kunna shi, amma kada a jingina da shi.

Ɗan Mokoyo: Kuma a lura, a Samsung in girman hoto yana kan wanda ke nuna ɗigo bisa ɗigo, Screen Fit ko Adapter à l'écran, Pixel Shift ba ya aiki, za ka ga ya yi toka-toka a menu ba ya zaɓuwa. Sai an mai da girman hoto 16:9.

Amma akwai dabara a cikin wannan. 16:9 na ɗan faɗaɗa hoto ya yanke gefe kaɗan, don haka tambarin da ke kusurwa yana gusawa da santimita biyu ko uku in ka sauya daga ɗayan zuwa ɗayan. Wannan ya ninka na Pixel Shift sau da yawa. Sati guda a wannan, sati guda a wancan, an raba wa ɗigogi daban-daban nauyin.

Yaron Shago, Ƴandaka: To me zai hana a yi zum gaba ɗaya a fid da akwatin daga allo?

Mai Gidan Kallo, Burja: Ka cire wa masu kallo minti da ci a wasan Real Madrid da Barcelona? Sai dai ka zo ka tsaya bakin ƙofa ka mai da musu kuɗɗinsu da kanka.

Tsohon Mai Gyara, Sabon Gari: Zum na gida ne, ga tashoshin labarai masu rubutu a ƙasa irin France 24 da Al Jazeera. Ko da rubutun na gudu, zanen da yake gudu a kai tsaye yake, shi ke barin layi. Ga gidan kallo abin yi shi ne hutun rabin lokaci. Minti 15 ne, kuma ba wanda ya biya don kallon talla. A sa farar sandar nan mai ratsa allo, Scrolling Bar a Panasonic, Scrolling ko Défilement a Samsung, ko a juya zuwa wata tasha mai hoto cike da motsi wadda tambarinta ba a kusurwa ɗaya yake ba. Haka tsakanin wasa da wasa. Bayan an tashi a ba ta minti 20 zuwa 30 na hoto mai motsi kafin a kashe. In tele biyu ne a gidan, ɗaya ta ƙwallo ɗaya ta fim, a riƙa musanya su duk wata.

Ka yi lissafin awoyin ka gani. Awa takwas a rana ya kusa awa 3,000 a shekara, kuma rabin wannan ko fiye akwatin yana wuri guda. Kamfanoni sun ce hasken na farko-farko yana raguwa zuwa rabi a awa 30,000, na tsakiya 60,000, Panasonic ta ce 100,000 ga na ƙarshe. Sai dai wannan lissafin allo ne gaba ɗaya da kallo irin na gida. Ido ba ya jiran rabi. Bambanci kaɗan tsakanin wuri da maƙwabcinsa ya isa ka gan shi a kan ciyawar fili.

Yaron Shago, Ƴandaka: Baba, ana cewa in an bar farin allo ya kwana yana wanke tabo. LG ma tana da shi a ISM, White Wash.

Tsohon Mai Gyara, Sabon Gari: Yana wanke inuwa mai wucewa, don yana sa kowane ɗaki aiki daidai har cajin da ya maƙale ya watse. Wannan minti 15 zuwa awa ɗaya ya ishe shi. Hodar da ta ci kuwa fari ba ya sabunta ta. Iyaka ya tsufar da sauran allon, ya ci wuta, ya gasa kart-kart ɗin da ke baya, wato allunan kayan lantarkin cikin telen. A kwana ana yi dare bayan dare, asara ce.

Ɗan Mokoyo: Baba, a nan zan ɗan saɓa maka. Akwai inda tsufarwar da gangan take aiki: tabon baƙaƙen gefe. Wanda aka daɗe ana kallon tsoffin finafinan Hausa na DVD masu hoto 4:3, wato wanda bai cika faɗin allo ba, tsakiya ta yi aiki, gefe biyu sun huta. A inci 42 kowane gefe wajen santimita 11 da rabi ne, rubu'in allo ke nan in an haɗa. Sai ka ga gefen ya fi tsakiya haske in hoto ya cika. A nan in aka mai da gefen zuwa toka mai haske, ana ci gaba da kallo, a hankali gefen na kamo tsakiya.

Tsohon Mai Gyara, Sabon Gari: Na yarda da wannan, amma ka ce a hankali, watanni ne ba dare ɗaya ba, kuma layin da ke kan iyaka ba ya ɓacewa sarai. Gara tun farko a sa tokar. Samsung Side Gray ko Bord gris, Panasonic na da nata a saitin 4:3, a zaɓi mai haske ko matsakaici. Wanda bai damu da fuskoki su ɗan yi faɗi ba ya buɗe hoton ya cika allo. Finafinan Indiya da na Amurka masu baƙi sama da ƙasa su ma haka, kusan kashi 12 cikin 100 a sama, 12 a ƙasa. Fim ɗaya ko biyu ba komai. A yini a kansu kullum shi ne matsala.

Hajiya Mai Shagon Tele, Babbar Kasuwa: Ku kuna ta ƙwallo, alhali telen gida ta fi mutuwa ta wata hanya. Karatun Alƙur'ani ko wa'azi a filashi mai hoton masallaci ɗaya tsaye daga asuba zuwa hantsi. Tashoshin rediyo na dikoda, allo ɗaya da sunan tasha. Tashar Makka kai tsaye da ake bari a kunne cikin azumi, tambari da rubutu wuri guda. Yara su tsai da katun su fita wasa. Duk wanda sauti yake so, ya kashe hoton. A Samsung da LG yana cikin menu na tattalin wuta, akwai zaɓin kashe allo sauti na ci gaba. In telen ba ta da shi, a ja wayar ja da fari daga bayan dikoda zuwa lasifika ko rediyo, a kashe telen ɗungurungum.

Mai Sola, Zariya: Hajiya ta taɓo inda nake so. Ga wanda ba a faɗa ba: saƙon dikoda. Tele tana da tsarin kashe kanta in ba sigina, bayan minti 10 ko 15. Mutane sun dogara da shi. Amma in hadari ya taso ya rufe tauraro, ko iska ta juya faranti, ko abonma ya ƙare, dikoda ce ke zana akwatin nan na ba sigina ta aika ta HDMI. A wurin tele wannan hoto ne lafiyayye, ba za ta mutu ba. Farin rubutu a kan baƙi ko shuɗi, wuri guda, har safe.

Haɗa shi da ɗaukewar kuran. NIGELEC, kamfanin wuta, ta ɗauke ƙarfe goma, kowa ya tashi ya kwanta ba a kashe komai ba. Ƙarfe biyu ta dawo, teloli da yawa na komawa yadda aka bar su, dikoda ta tsaya kan menu ko saƙon kuskure. In an ɗauke wuta a zare filogi ko a kashe makunnin bango. Wannan na kare ta daga bugun dawowar wutar ma.

Mai Gidan Kallo, Burja: Bugun wutar na kawo tabo?

Mai Sola, Zariya: A'a, wannan kart yake kashewa, na wuta ko na sasten, wanda ke ba ɗakunan wutar haskawa. Maganinsa regilata, wato mai daidaita ƙarfin wuta, mai jinkirin kunnawa, 1,000 VA ga tele ɗaya da dikoda. Filasma inci 42 na iya jan wat 200 zuwa 300, tsofaffin inci 50 har su haura 400, kuma cin nata na bin hasken hoto: fari ya yi yawa ta ja da yawa, duhu ta ja kaɗan. Don haka rage Contraste yana rage kuɗɗin wuta da zafi a lokaci guda. Ga mai batir da sola kuwa gaskiya filasma ba abokiyar tafiya ba ce, LED mai girmanta ba ta cin rabin wannan. In dole ne, inbata ta zama mai tsabtar wuta, ba mai arha da ke sa fanka kuka ba.

Ɗan Mokoyo: Zafi ma a ba shi haƙƙinsa. Littattafan telolin nan 35 ko 40 suke ba da iyakar zafin ɗaki, mu kuwa Afrilu da Mayu a inuwa ma muna wuce 40, balle ƙarƙashin kwano da mutum hamsin a ciki. A bar aƙalla santimita 10 ta baya da sama da gefe. Kada a sa ta cikin akwatin katako mai rufi ko kejin ƙarfe da aka liƙe da allo don tsoron ɓarayi, in keji ne ya zama na raga. Fanka ƙarama ta riƙa busa bayanta daga ƙasa zuwa sama. Bayan hunturu a buɗe baya a hure ƙura da bulowa, tele a kashe an zare filogi ta huce. Kondansata irin mai ruwa duk ƙarin digiri 10 yana raba kwanansa biyu, shi ya sa ake ganinsu sun kumbura a kart na wuta. Ƙyallen rufe tele kuma sai ta huce ake yafa shi, ba tana aiki a rufe rabin ramukan iska ba.

Tsohon Mai Gyara, Sabon Gari: Tunda an zo kan kart, masu koyo su saurara, don ana kawo tele a ce tabo ne alhali ba shi ba ne. Tabo yana da siffar abin da aka kalla: tambari, akwati, layin rubutu, gefe biyu. Siririn layi a tsaye daga sama zuwa ƙasa, ko faffaɗan zane baƙi ko mai launi ɗaya, wannan na kart ɗin adireshi ne, mai kula da layukan tsaye, ko ribon, wato faffaɗar wayar da ke manne da gilashi. Layuka a kwance ko rabin allo ya mutu, a dubi bafa na gefen Y, kart ɗin da ke kula da layukan kwance. Ƴan ɗige-ɗige ja ko kore masu ƙyalli a wurin duhu, wutar tuƙi ce ta kauce. A bayan gilashin akwai takarda da aka rubuta Vs da Va, wato ƙarfin wuta iri biyu da wannan gilashin kansa ke aiki da su, Vs wajen bolt 200, Va wajen 60. A auna da mita a daidaita da abin da aka rubuta, ba da ka ba. Masu murɗa Vs sama don tsohuwar tele ta yi haske a idon mai saye suna kashe sasten ne. Kuma wutar nan na zama a kondansata bayan an zare filogi, wanda bai iya ba kada ya sa hannu.

In fari ya koma ruwan ƙwai-ƙwai a allo gaba ɗaya, shi ma ba tabo ba ne. Shuɗiyar hoda ta fi ja da kore saurin gajiya. Ana ɗan rage abin ta saitin launi zuwa mai sanyi, iyakarsa ke nan.

Mai Gidan Gem, Ali Ɗan Sofo: Salamu alaikum, a taimaka da na PlayStation. Nan abin ya fi na gidan kallo muni, don akwatin ci, sunan ɗan wasa da taswirar fili da ke ƙasan allo duk tsaye suke, safe zuwa dare.

Ɗan Mokoyo: Malam, ai maganin na cikin wasan. A FIFA shiga saitin gani, taswirar ana kashe ta, akwatin lokaci da ci ma ana kashewa, sandar sunan ɗan wasa ana rage ta. Taswirar dai a kashe, yawancin yara ba sa kallonta. Abin da ya fi ɓarna shi ne allon zaɓen ƙungiya da na dakatarwa da ake bari in ba kwastoma. In ba mai bugawa a kashe telen, ba a bar ta tana kiran mutane ba. Kuma yanayin gem na tele yakan zo da nasa Contraste a sama, kowace kafar HDMI ma tana riƙe nata saitin daban. Wanda ka yi wa dikoda bai shafi kafar PlayStation ba, sai ka sake yi.

Tsohon Mai Gyara, Sabon Gari: In sabon saye za a yi don gem zalla, a sayi LED a huta. Filasmar a bar wa fim.

Hajiya Mai Shagon Tele, Babbar Kasuwa: Ga mai saye kuma, kada a yarda da gwajin da mai kaya zai yi da bidiyon waƙa mai launi da tsalle-tsalle, wannan na ɓoye komai. A zo da filashi mai hotuna biyar, kowane launi ɗaya zalla ya cika allo, 1920 da 1080: toka, fari, ja, kore, shuɗi. In telen ba ta karanta filashi, a haɗa kwamfuta ta HDMI. A bar ta ta yi minti 15 a kunne, a kai ta inuwa, a ja baya taku uku. Toka ce ta fi tona asiri. A dubi kusurwoyi huɗu, a dubi ƙasa inda rubutu ke bi, a dubi layi biyu na 4:3. Wurin da tambari mai haske ya ci zai fito da duhu, wurin da baƙin gefe ya huta zai fito da haske. Waɗanda suka yi aiki a otal ko mashaya ko filin jirgi a Turai sukan zo da jadawali ko tambarin tashar wasanni kwance a ciki. In an ga inuwa mai kaya ya ce za ta tafi, a sa sandar wankewa minti 20 a sake dubawa. Ta ragu, a yi ciniki. Tana nan yadda take, kuɗɗin su sauka ko a bar masa.

Telen da lambarta ta fara da PN ko TC-P yawanci ta kasuwar Amurka ce, a karanta takardar baya da kyau, da yawa bolt 120 ne, tamu kuwa 220. Sai da taransifoma.

Yaron Shago, Ƴandaka: Hajiya, zancen awa 100 ko 200 na farko da ake cewa a lallaɓa ta fa?

Hajiya Mai Shagon Tele, Babbar Kasuwa: Gaskiya ne ga sabuwa, don hodar ta fi saurin sauyawa a farkon rayuwarta. Ta hannu ta wuce nan tuntuni. Awoyin da ta yi suna cikin menu na masu gyara, amma ana iya goge su, ko a canza kart lissafin ya koma na wata telen, don haka hoton toka ya fi su gaskiya. Kuma wanda bai san menu ɗin nan ba ya bar shi, lamba ɗaya ka taɓa ka ɓata farin telen. In an saya a ɗauke ta a tsaye, mutum biyu. Kada a kwantar da ita a bayan kabu-kabu ko a ƙasan adaidaita, gilashi biyu ne sirara manne da juna, rami ɗaya a hanyar Ɗan Isa ya isa.

Mai Gidan Kallo, Burja: Allah ya saka da alheri. Saura ɗaya. Tana fid da saƙo wai za ta kashe kanta, kuma yakan faɗo tsakiyar wasa na biyu. A cire shi?

Ɗan Mokoyo: Kada ka cire, Alhaji. Telolin da aka yi wa kasuwar Turai a shekarun ƙarshe suna mutuwa da kansu in an yi awa 4 ba a taɓa maɓalli ba, kuma shi kaɗai ne zai cece ka daren da yaro ya manta ya rufe rumfa da saƙon dikoda a allo. Matsalar ita ce ku rimot ɗin dikoda kuke riƙewa, telen ba ta san ana nan ba. Duk hutun rabin lokaci, sa'ad da za a sa sandar wankewa, da rimot ɗin telen za a yi, lissafin awa huɗun ya koma farko. A ɗaure rimot ɗin da igiya kusa da mai karɓar kuɗɗi, a sa masa batir mai kyau.

Mai Sola, Zariya: A Samsung ɗin kuma a duba lokacin kariya ta atomatik a menu ɗaya da Pixel Shift, in tana da shi. A sa mafi gajarta. Sai dai allon da ya tsaya cik kawai yake ganewa, akwatin ci a kan wasa mai gudu ba ya ganinsa.